Bututun da Bai Kai Ɗakin Baya Ba

Shekarar da hukumar birni ta ciyo bashi don shimfiɗa magudanar ƙazanta, babu irin daɗin bakin da ba a yi ba a rediyo. Aka ce an gama da masan rami, an gama da wari da sauro, kowane gida za a haɗa shi da babban bututu, bututun ya kai ƙazantar wurin da za a tace ta a bayan gari. Bashin na shekara ashirin ne, za a riƙa tsakuro shi kaɗan-kaɗan a cikin kuɗin ruwan kowane gida. Jama'a suka ce sun ji sun gani. Aka zo aka farke titi, wata huɗu ana tsallaken rami da yara a kafaɗa, sannan aka rufe, aka shafe, aka kafa allo mai ɗauke da hoton ruwa garai-garai. Abin da allon bai faɗa ba shi ne abin da aka yi a gidan da ke bakin kwana, kuma ba abu ba ne da ya kamata a rufe da siminti yadda aka rufe titin.

Gidan na gado ne, kashi uku. A gaba akwai sashen Yaya, babban ɗan gidan, da shagunansa biyu masu kallon titi, nan yake zaune da matarsa da mahaifiyarsu tsohuwa. A tsakiya ɗakunan haya huɗu ne da bayan gidansu ɗaya. Can ƙurya, inda ƙasa ta gangara, ɗakin matar ƙaninsa marigayi yake, ita da 'yarta mai shekara bakwai. Ɗinki take yi, shi ya sa kowa a layin Tela yake ce mata. Ɗakin nan shi ne duk abin da yarinyar ta samu daga ubanta, kuma bangonsa na jingine da tsohon ramin masai na gidan.

Da aka zo rajista, Yaya ne ya cike fom a matsayinsa na mai gida. Ya rubuta bayan gida uku: nasa, na 'yan haya, da na Tela. Mota ta sauke bututu na bayan gida uku. Ma'aikata suka yi mako biyu suna ƙwanƙwasa a sashen gaba, ranar da suka gama suka naɗe kayansu, ko tsakar gida ba su tsallako ba.

Tela ta same shi a ƙofar shago yana shan iska.

"Yaya, na ga masu aiki sun tafi, ba su iso wajenmu ba."

"Za su dawo," ya ce, idonsa a kan waya. "Ke dai kin faye gaggawa. Kin san tayil ɗin tsakar gidan nan bara na shimfiɗa shi, yanzu ba a ma samun irinsa a kasuwa. Sai an nemo wanda zai ɗaga shi a hankali. Ki bari a huce."

Ta bari a huce. Wata ya wuce, wani ya biyo shi. Takardar ruwa ta zo da sabon ƙari na bashin magudana, Yaya ya raba shi gida uku cif, ya aiko mata da nata. A wajen rabon biya dai bai taɓa mance ɗakin baya ba.

A da, duk wata shida motar yashe masai takan zo ta zuƙe ramin. Da lokacin ya yi motar ba ta zo ba, Tela ta buga wa direban waya.

"Ai an cire layinku daga jerinmu," ya ce. "A takarda duk ramukan layin an cike su da ƙasa. In aka ga motata a ƙofarku, tara ce, ni da mai gidan. Ki yi haƙuri, ina da iyali."

Nan ta fara gane irin tarkon da ta faɗa. Kafin aikin, ramin yana cika ana kwashewa. Yanzu yana cika, amma a takarda babu shi, kuma abin da babu shi ba a aiko masa da mota. Mutum goma sha ɗaya na ɗakunan haya suna shiga suna fita, suna wanka suna wanki, komai yana gangarowa ya tsaya a jikin bangonta.

Danshi ya fara daga ƙasan bango, tsayin yatsa. Ta sa alli irin na zanen yadi ta ja layi a inda ya tsaya. Bayan kwana goma ya haye layin. Fenti ya kumbura ya ɓare. Ta janye katifa zuwa ɗaya bangon, ta ɗora jakunkunan yadin mutane a kan kabad. Warin kuwa ba ya jin janyewa. Yana shiga labule, yana shiga zare, yana shiga tufafin makarantar yarinya, har ta dawo wata rana tana kuka, wai an ƙi zama benci ɗaya da ita.

Matar mai kemis, wadda ta fi shekara biyar tana kawo mata ɗinki, ta zo karɓar kayanta. Ta ɗaga rigar, ta yaba wuyan, sai ta kai ta hanci. Da yake mutuniyar kirki ce, ta sauke ta kamar ba ta ji warin ba. Ta biya, ta naɗe rigar a leda biyu, ta karɓi sauran yadinta da ba a yanka ba, ta ce wai za ta canza salo ne. Tela ta raka ta ƙofa tana murmushi, da ta dawo ta zauna gaban keke ta kasa sa zare a allura don hawaye.

Ta sake komawa wajen Yaya.

"Ramin ya cika, Yaya. Ko dai a haɗa mu, ko a nemo mota ko ta haya ce."

"Mota?" Ya miƙe zaune. "So kike a ga mota a ƙofata a ce na yi wa hukuma ƙarya? Ki rufa mana asiri mana. Bayan damina za a duba."

"Daminar ce nake tsoro."

"To ni na saukar da ita?"

Matarsa ta aiko mata da kwalbar turaren fesawa, da saƙon wai ta riƙa buɗe taga. Tagar kuwa ramin take kallo. Tsohuwa ta kira ta ɗaki, ta kama hannunta, muryarta a sanyaye.

"'Yata, ki yi haƙuri. Yayanku nauyi ya yi masa yawa. Shi ke riƙe da ni, shi ke riƙe da gidan nan. Magana in ta fita waje ba ta dawowa. Ki dube ni, ki dubi kabarin mijinki."

"Mama, ina duba ku," Tela ta ce. "Wa zai duba jikarki?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Tana son yarinyar, wannan ba ƙarya ba ne, amma tana cin abincin ɗanta kuma tana kwana a sashen da ba ya wari.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, murfin ramin ya tsage. Ruwa baƙi ya ɓullo ta tsagar, ya bi gangare ya kwanta a bakin ƙofarta. Ta jera bulo uku tana takawa. Kullum da safe sai ta kwashe da bokiti, ta zuba toka da maganin kashe ƙwari, kafin azahar ya dawo. Hannunta ya yi ƙuraje. 'Yan haya suna kallonta ta taga da tausayi, amma duk wanda ta yi wa magana sai ya ce shi baƙo ne, wata uku ya rage masa a gidan.

A mako na uku yarinya ta kwanta. Zazzaɓi, amai, gudawa, har idonta ya faɗa. A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa leda huɗu. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi layinsu, da ta ji sai ta ɗaga gira.

"Layin da aka haɗa da magudana? Ai mun daina ganin irin wannan daga can. Kina dai wanke mata hannu?"

Tela ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ita da take wanke ɗaki sau uku a rana, yau ita ake tambaya ko tana wanke hannun 'yarta. Yaya ya zo dubiya da ledar lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce yaran yanzu da kwashe-kwashen kayan titi, sai a hankali. Ta dube shi, ta dubi siririn hannun da allura ke ciki, a ranar haƙurin da ake ta ba ta ya ƙare.

Da aka sallame su, ta nemi mai aikin famfon da ya yi aikin gidan. Ta same shi a wani layi, rabin jikinsa a rami. Ya so ya zille, ta tsaya a kansa.

"Bututuna nake tambaya. An sauke na bayan gida uku, ina biyu suka shiga?"

Ya share gumi da bayan hannu. "Ni fa abin da aka ce in yi na yi. Ɗaya an yi sabon bayan gida da shi a falonsa, na baƙi. Ɗayan an ja wa shagunan, don a ƙara musu haya. Na ce masa ramin nan zai cika, ya ce ba a ɗauko ni don shawara ba."

"To ranar da masu duba aikin daga hukuma za su zo fa?"

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Kin san yadda suke yi? Gida ɗari biyu ne a wuyansu, ba sa shiga ciki. Su buɗe murfin ƙarfen kan titi su tsaya, su ba mai gida garin launi a 'yar leda, kowane bayan gida leda ɗaya. Ya je ya zuba ya kora da ruwa. In koren ruwa ya biyo ta bututu sun gani, su sa hannu. Leda uku za a ba shi, dukkansu a sashensa zai zuba, ɗaya bayan ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne mai wannan dabarar. Don Allah kar ki ce ni na gaya miki."

Ta wuce ofishin aikin. Magatakarda ya danna kwamfuta, ya juyo mata da fuskar.

"Gidanku lafiya lau, uku cikin uku. Kuma ƙorafi sai daga wanda sunansa ke kan fom. Ke ce mai gidan?"

"Ni ce mai warin," ta ce.

Ya yi kamar zai yi dariya, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya rage murya ya ce waɗanda suka ba da bashin ba za su saki kason ƙarshe na kuɗin ba sai an kammala dubawa, kuma layinsu ranar Laraba ne da hantsi. Bayan Laraba za a rufe fayil, ba mai sake buɗe shi.

Ranar Talata Yaya ya tako har ƙofarta, karo na farko cikin wata biyar. Ya tsaya nesa da bulon, hanci a toshe da hankici.

"Ƙanwata, yarinyar nan tana buƙatar iska. Ga kuɗin mota, ki kai ta gidanku ku kwana biyu. Ki bar min mabuɗi, zan sa a share miki wajen."

"Na gode, Yaya. Ina da ɗinki."

"Wane ɗinki? Wa yake kawo miki ɗinki yanzu?"

Ta ce, "Ka ga kuwa ka san dalili."

Ya mayar da kuɗinsa aljihu ya tafi yana huci.

Laraba da hantsi farar mota ta tsaya a bakin kwana. Injiniya ce, mace, da hular kwano da takalmin roba, da ma'aikaci ɗaya mai ƙarfen ɗaga murfi. Maƙwabta suka fito kallo. Yaya ya sha babbar riga, baki har kunne, ya sa an fito da kujera da ruwan sanyi. Injiniya ta duba takarda.

"Gida mai lamba tara, bayan gida uku." Ta ƙirga leda uku ta miƙa masa.

Kafin ya rufe hannu, Tela ta zare ɗaya. Da ma tana tsaye a bayan ƙyaure, yarinya a gefenta.

"Wannan tawa ce. Bayan gida na uku nawa ne, ni zan zuba."

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ranki ya daɗe, matar ƙanina ce, tun rasuwar mijinta ba ta cika jin daɗi ba. Kawo nan, ke."

"Lafiyata ƙalau," ta ce, ba ta ko dube shi ba. Injiniya take kallo. "Ki tsaya a kan murfinki, zan je in zuba in kora da bokiti biyar. In kin ga kore, ki sa hannu, ni kuma in durƙusa a titin nan in ba shi haƙuri."

"Ki shiga gida, kar ki tara mana mutane!"

"Sun riga sun taru, Yaya."

Injiniya ta dubi agogo, ta dubi jerin gidajen da ke jiranta. Da alama ta so ta ce su sasanta a cikin gida. Sai idonta ya sauka a kan yarinyar, da tabon allura a bayan hannunta.

"Je ki zuba," ta ce.

Tela ta shiga. Aka ji ƙarar bokiti, ɗaya, biyu, har biyar. Ma'aikaci ya durƙusa yana leƙen bututu da tocila. Minti biyar, minti goma, ruwan da ke wucewa bai canza ba. Yaya ya ce bututun baya dogo ne, yana ɗaukar lokaci. Ya ce wataƙila garin ya lalace. Ya ce a bar shi ya ɗauki ɗaya daga ledojin hannunsa ya gwada da kansa.

Tela ta fito, ƙafarta jiƙe, kore shar har idon sawu.

"Ya fito," ta ce. "Amma ba nan ya fito ba. Zo ki gani."

Injiniya ta bi ta, maƙwabta suka biyo baya, Yaya yana cewa gidan mutane ne ba kasuwa ba. Suka tsallake tayil mai sheƙi, suka wuce ɗakunan haya, wari ya tare su tun kafin su sha kwana. Koren ruwa yana tsattsafowa ta tsagar murfin ramin da takarda ta ce an cike shi, ya zagaye bulo uku, ya shiga ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Wata maƙwabciya ta yi salati ta toshe baki da mayafi. Injiniya ta leƙa ɗakin, ta ga bango, ta ga katifa. Ta ɗauki hoto, ta buɗe fayil a kan gwiwarta ta ja layi a kan ukun da aka rubuta.

"Ɗaya cikin uku. Kwana goma sha huɗu a haɗa sauran da kuɗin mai gida, in ba haka ba a yanke ruwan gidan da na shagunan, ga tara. Motar yashewa zan rubuta ta zo gobe." Ta juya wajen Yaya. "Ina sauran bututun?"

Tela ce ta amsa. "Ɗaya yana falonsa."

Da mota ta tafi, mutane suka watse suna waiwaye, Yaya ya juyo kanta, jijiyar wuyansa a tashe.

"Kin tona min asiri a gaban layi. Daga yau ba ni ba ke. Ki tattara kayanki ki bar min gida."

"Gidanka yana gaba. Wannan ɗakin na marainiyar nan ne, kuma ko kotu ka je haka za a gaya maka."

"Kwana goma sha huɗu? Takarda ce. Na san wanda zan gani a ofishin nan, ta koma wata goma sha huɗu. Ki zauna a cikin warin, in ga wanda zai gaji."

Tsohuwa ta fito tana dafa bango, tana kuka. "Kin kyauta ke nan, 'yata? Abin da za a gyara a cikin gida?"

"Wata biyar ina jiran a gyara a cikin gida, Mama. Sai da aka ɗaura mata ruwa leda huɗu."

Ta san ba barazanar banza yake yi ba. Yana da mutane, yana da baki, kuma shi ba abin da ke korarsa daga ɗakinsa. Muddin warin yana baya shi yana gaba, zai iya jira har yarinyar ta sake kwanciya. Tela ta tsaya ta yi tunanin wannan kamar minti ɗaya. Sannan ta taka bulo ta shiga ɗaki, ta kwance kan keken ɗinki ta rungumo shi, ta ce wa yarinya ta ɗauko filo da jakar makaranta.

Yaya ya zaci tafiya za ta yi, har ya matsa ya ba ta hanya. Ta tsallake tsakar gida, sawunta kore yana bin ta a kan tayil, ta wuce ƙofar fita ba ta ko kalle ta ba, ta tura ƙofar falonsa. Ta ture kwandon furen roba, ta dire kan keke a teburin tsakiya. Ta koma ta jawo katifa ta shimfiɗa a kan kafet, daidai ƙofar sabon bayan gidan baƙi. Ta kwantar da yarinya, ta kunna mata fanka.

"Ke! Kin haukace ne?" matar Yaya ta ce, hannu a ƙirji.

"Bututuna na biyo," Tela ta ce. "Ina biyan bashinsa duk wata, shekara ashirin zan yi ina biya. Inda aka sa shi, nan za mu kwana, nan za mu yi wanka, nan zan karɓi masu ɗinki. Ranar da ya isa ɗakina, ko minti ɗaya ba zan ƙara muku ba."

"Zan sa a fitar da ke!" Yaya ya ce.

"Kira su, Yaya. Ka kira 'yan sanda, ka kira mutumin naka na ofis. In sun zo sai ka fara nuna musu wannan bayan gidan, ka gaya musu a wane fom yake."

Yaya ya dubi mahaifiyarsa ko za ta ce wani abu. Tsohuwa ta share ido da gefen zane, ta lallaɓa ta zauna a bakin katifar, ta ɗora tafin hannu a goshin jikarta tana jin ko da sauran zafi.

Tela ta ja kujerar da ya fi so, ta zauna, ta lashi bakin zare ta zura a allura karo ɗaya. Ta sa yadi ta fara murza keke da hannu. Yaya ya daɗe a tsaye a tsakiyar falonsa. Can ya zaro waya, ya fita tsakar gida, aka ji yana tambayar mai aikin famfo ko yana da mutanen da za su fara fasa tayil da safe.